NEMAN ABINCI DA ALƘALAMI: HALAS NE, KUMA ME ZAI SA YA ƊORE?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya rubutu ma'ajiyar ilmi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a zaurukan malamai da dandalin matasa, ita ce: mutumin da ya wallafa littafi, ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, ya ɗauko ya kai kasuwa ya sayar, yana nufin ya ci da iyalinsa daga abin da ya samu, shin ya yi daidai? Waɗansu sun ce ilmi da hikima kyauta ce daga Allah, wanda ya sanya musu farashi kuwa ya zubar da girmansu. Waɗansu kuma sun ce marubuci ma'aikaci ne kamar maƙeri da majemi, gumin ƙwaƙwalwa bai gaza gumin dantse ba. A bayan wannan akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ta farkon wuya: in ma an ce halas ne, me ya sa da yawa daga masu shiga wannan sana'a ba su daɗewa cikinta, waɗansu su bar ta da bashi, waɗansu su bar ta da zubewar mutunci?

YADDA MAGANAR TA TASO A ƘASAR HAUSA

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a farkon rubutun boko ba marubuci ne ke ɗaukar nauyin littafinsa ba. A gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Hukuma ce ta duba su, ta buga, ta rarraba makarantu. Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, da Hukumar NORLA wadda aka rufe a 1959, da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Aikin marubuci a wancan zamani shi ne ya rubuta ya miƙa, sauran ɗawainiya tana wuyan wani.

To, sai abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karatun Hausa da son labari. Sa'an nan tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya ga duk littafin da ba na makaranta ba. Ga masu karatu sun yi yawa, ga masu bugawa sun yi ƙaranci. A wannan giɓi ne marubuta suka fara kai rubutunsu ga ƙananan maɗaba'u da kuɗinsu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don taimakon juna. Masu suka suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakanin malaman jami'a, har a 2007 aka ƙona waɗansu littattafan labarai a bainar jama'a a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. Sunan nan da aka raɗa kansa ya nuna inda zargin yake, watau haɗa adabi da kasuwa.

ABIN DA MAGABATA SUKA GANI

Sai dai haɗuwar littafi da kasuwa ta girmi Kano da maɗaba'unta. Tun da sana'ar yin takarda ta shiga ƙasashen Musulmi ta Samarƙandi, ta iso Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 2 na Hijira, aka sami wata ƙungiyar masu sana'a da ake kira warraƙai. Su ne masu kwafar littafi da hannu, su ɗinke, su sayar. Malamin tarihi Yaƙubi ya ambata cewa shagunansu a Bagadaza sun haura 100. Ibnun Nadim, wanda ya tsara littafin Fihrist a shekara ta 377, warraƙi ne ɗan warraƙi, kuma da ba don zamansa cikin cinikin littattafai ba da sunayen ɗimbin littattafan da suka ɓace ba su iso ga na baya ba. Yaƙut Hamawi, mai Mu'ujamul Buldan, ya yi zamani yana kwafar littattafai don lada bayan ubangijinsa ya 'yanta shi. An ruwaito kuma cewa Imam Ahmad ɗan Hanbal, sa'ad da guzurinsa ya ƙare a tafiyar neman ilmi, ya ƙi karɓar kyauta, ya zaɓi ya yi wa mutum rubutu a biya shi. A ƙasashen nan ma alarammomin Barno sun shahara da rubuta Alƙur'ani da hannu ana kai shi har Tarabulus da Masar ana sayarwa.

Duk da haka ba za a ce masu ƙyamar abin ba su da madogara ba. An ruwaito daga Imam Malik, Allah Ya yi masa rahama, cewa ya karhanta sayar da littattafan fiƙihu, alhali kuwa ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani. Abin da ake jin tsoro shi ne kada ilmin da kowane Musulmi ke bukata ya zama sai mai kuɗi. Amma an ruwaito cewa da babban almajirinsa Ibnu Wahbin ya rasu a shekara ta 197, an sayar da littattafansa a kan dinari 300 malaman Masar suna nan, ba wanda ya yi inkari. Malaman mazhaba na baya suka tafi a kan halasci, hujjarsu kuwa ita ce zamani ya sake: ƙwaƙwalen mutane sun raunana ga hadda, in aka hana cinikin littafi ba mai zama ya kwafa, ilmin da ake son karewa shi ne zai salwanta. A wannan zamani kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwaiti a 1988, ta zartar da cewa haƙƙin mawallafi dukiya ce abar kiyayewa a shari'a, bai halatta a keta shi ba.

In aka duba da idon basira za a ga dalilin. Gaskiyar da ke cikin littafi ba mallakar kowa ba ce. Wanda ya karanta ya fahimta yana da ikon ya karantar da duniya duka ba tare da ya biya kwabo ba. Abin da marubuci ke karɓar kuɗinsa shi ne dararen da ya raba yana tsarawa, da takarda, da tawada, da ladan mai ɗab'i, da kasadar da ya yi da jarinsa. Mai haƙa rijiya ba shi ya halicci ruwa ba, amma ba mai hankalin da zai ce a hana shi ladan haƙa. Wannan kuwa ga littafin ilmi ke nan, balle littafin labari da nishaɗi wanda ba wajibi ne a kan kowa ya karanta ba.

UBANGIJI NA ƁOYE

To, an wuce maganar halasci. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da neman abinci ke yi wa alƙalamin kansa. Mai buga littafinsa da kansa yakan yi alfahari da cewa ba shi da ubangida: ba sarkin da zai wasa don a ba shi doki, ba kamfanin da zai ce a cire wannan babi. Wannan 'yanci ne na gaske, kuma shi ya buɗe wa matan aure da ke cikin gidajensu ƙofar faɗin abin da ke damunsu na auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, abubuwan da wataƙila da ba su sami mai bugawa ba. Littafin Balaraba Ramat, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, daga wannan kasuwa ya fito.

Amma wanda ya kuɓuta daga fada bai kuɓuta daga kasuwa ba, ita ma kasuwa ubangida ce, har ta fi sarki wuyar sha'ani domin ba ta da fuska balle a ji kunyarta. Sarki yakan ce a yabe shi. Kasuwa takan ce a ba ta abin da ya fi saurin fita. Marubucin da kuɗin cefanen wannan wata ya rataya a kan littafin wannan wata ba zai iya jiran labari ya nuna ba. Zai ja labarin da ya isa littafi ɗaya ya mai da shi kashi 4 don a saya sau 4. In ya ga batsa na tafiya zai ɗan ɗiga, gobe ya ƙara. In ya ga littafin wani ya karɓu zai sake wa taurarinsa suna ya fitar. Ba mugunta ce ta kai shi ba, yunwa ce, amma abin da ya isa hannun yarinyar da ke karantawa a ɗakin uwarta ɗaya ne ko da wace niyya aka rubuta shi.

Daga nan za a gane cewa ɗorewar sana'a da tsarkin sana'a abu guda ne. Imam Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa, wadatar da ya samu daga shagonsa tana cikin abin da ya ba shi ƙarfin ƙin muƙamin alƙalanci. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce malamin makaranta ne, daga baya kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. A ɗaya gefen kuma ga Abu Hayyan Tauhidi, gwanin zube na Larabci, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin kwafar littattafai da bin ƙofofin wazirai, har baƙin ciki ya sa ya ƙona littattafansa a ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka mai shiga wannan fage, muddin littattafansa ba su kai yawan da za su riƙe shi ba, riƙe wata sana'a tare da rubutu ba gazawa ba ce gare shi. Da ita zai sami bakin ce wa kasuwa a'a. Littafi ɗaya ba ya ciyar da gida. Abin da ke ciyarwa shi ne jerin littattafai da aka tara cikin shekaru, tsohon yana jawo wa sabon masu saye, sabon yana tuna wa mutane da tsohon. Sannu sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.

LISSAFI DA AMANA

Abu na biyu da ke kashe marubuta shi ne raina lissafi, kamar dai ƙirga kuɗi bai dace da mai hikima ba. A ɗauki misali. Mutum ya buga kwafi 1,000, kowane ya tsaya masa a kan naira 600, jari ya zama naira 600,000. Ya ba dillalai a kan naira 800. Sai an sayar da kwafi 750 an kuma biya shi kuɗinsu kafin jarinsa ya dawo; ribarsa duka tana cikin 250 ɗin ƙarshe, waɗanda su ne suka fi jinkirin fita, su ne kuma ruwa da gara ke ci a shago. In ya ga kuɗin kwafi 300 na farko sun shigo ya ɗauka riba ce ya yi hidimar biki da su, to ya cinye littafinsa na gaba tun bai rubuta shi ba. Raba jari da riba shi ne darasin farko na kowace 'yar talla, bai kamata ya gagari mawallafi ba.

Yawancin wannan ciniki kuma a kan bashi yake tafiya: mai ɗab'i ya bi marubuci, marubuci ya bi dillali, dillali ya bi mai kai wa ƙauye. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin mamaki ne a ce mutumin da rubutu ne sana'arsa ya miƙa katan goma na littattafai da baki kawai, don kunyar kada a ce bai yarda da abokin cinikinsa ba. Takarda ba ta ɓata zumunci, mantuwa da musu su ke ɓata shi. A rubuta adadin da aka bayar, da farashi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace, da abin da za a yi da wanda bai fita ba. Haka nan in za a mai da labari fim ko a karanta shi a rediyo, a rubuta abin da aka sayar da abin da aka riƙe.

Shi ma marubucin akwai amana a wuyansa, domin kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya shiga hukuncin mai sayarwa, ɓoye aibin haja kuwa algus ne. Littafin da shafukansa suka ɓace, da wanda bangonsa ya yi alkawarin abin da babu a ciki, da kashi na ɗaya wanda aka sayar alhali ba a da niyyar fitar da na biyu, duk suna cikin wannan. Babbar asarar da mai buga wa kansa ya yi ita ce rashin mai dubawa. A da edita ne ke tsayawa tsakanin marubuci da jama'a. Yanzu ba kowa, sai wanda marubucin ya ɗora wa kansa. Gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa. Lalle ne ya nemi wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya gyara masa, ya biya shi, ya sanya ladan cikin jari. In littafin ya taɓa hukuncin addini ko magani ko shari'a, ya kai wa masanin fannin, domin kuskuren da aka buga kwafi 1,000 ya zama kuskure 1,000, kuma yana nan yana aiki bayan mai shi ya kwanta dama.

HAƘƘIN DA KE KAN MAI KARATU

Yau yawancin labaran Hausa sun koma cikin waya. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, sa'an nan ta ce mai son ci gaba ya biya. Kuɗin takarda ya faɗi, dillali ya fita daga tsakani, amma wata ɓarna ta shigo: mutum ɗaya ya biya, ya tura wa ɗari, ɗarin su tura wa dubu, kowa yana ganin alheri ya yi. In aka yi magana sai a ce ai ɓoye ilmi haramun ne.

Wannan hujja ba ta zauna ba. Ɓoye ilmin da aka yi wa narko shi ne a tambayi mutum abin da ya wajaba a sani ya ƙi faɗa. Wanda ya rubuta ya baza a kasuwa a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ya yi nesa da ɓoyewa. Aron littafi kuma daban yake da kwafarsa: wanda ya ara wa maƙwabcinsa littafi kwafi ɗaya ne ya fita daga hannu zuwa hannu, wanda ya tura ta waya kuwa ya buɗe maɗaba'a ne da kayan wani. Marubuci na da ikon ya yi waƙafi da littafinsa, ya rubuta a bango cewa kowa ya buga, malamai da yawa sun yi haka, ladansu na ga Allah. Amma ba a yin sadaka da dukiyar wani. Dokar ƙasa ma ta tsaya a nan, tun daga dokar haƙƙin mallaka ta 1988 har zuwa sabuwar da aka sanya wa hannu a 2023. Al'ummar da ta saba karanta na sata kuwa kanta take cuta, domin masu haƙurin yin aiki mai kyau su ne za su fara barin fagen, a bar ta da masu gaggawa.

Shi kuma marubuci kada ya mai da dandalin wani gidansa. Kamfanin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 marubutan Nijeriya da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen 2023. Zanen aro ba ya rufe katara. Ya ajiye asalin rubutunsa a wurare fiye da ɗaya, ya san hanyar da zai sadu da masu karatunsa ko da dandali ya rushe, ya karɓi lambar littafi daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kai musu kwafin da doka ta ce a kai, domin littattafai da yawa na shekarun 1990 yau sai an sha wuya kafin a ga kwafinsu.

Amsar tambayar farko ke nan: cin abinci da alƙalami halas ne, magabata sun ci. Amsar ta biyu kuwa ita ce sana'ar ba ta ɗorewa sai ga wanda ya tanadi abin da zai hana yunwa ta riƙe masa alƙalami, ya tsare jarinsa, ya rubuta bashinsa, ya miƙa aikinsa ga mai gyara, ya kuma sami jama'ar da ke jin nauyin haƙƙinsa. Akwai ma'auni mai sauƙi da kowane mawallafi zai iya gwada kansa da shi kafin ya kai rubutu maɗaba'a: ya ƙaddara 'yarsa ta cikinsa ce za ta fara saye da kuɗin da ta tara, ta karanta da sunansa a bango. In ya ga zai iya kallon idonta bayan ta gama, a kan abin da ta karanta da kuma kuɗin da ta biya, to ya buga.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman kowane mai nema na halas, Ya sa a dace. Amin.